Zaren da Ke Cikin Littafin Mahaifiyarki

Zuwa ga Baba Fasto, makiyayin ikilisiyarmu ta Lugbe, da majalisar dattawa wadda nake ɗaya daga cikinta, da kuma Malama Saratu, shugabar ajin koyon karatu na Talata da Alhamis. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Bayan gaisuwa, ni Dattijo Ishaku, mai lambun furanni da ke bakin hanyar filin jirgi, ina sanar da ku cewa wannan takarda ta 'yata Hannatu ce. Na biyo da ita ta hannunku saboda akwai roƙo a ƙarshenta wanda ba zai yiwu ba sai da izinin Baba Fasto. Ban da haka, yarinyar tana gidan gwaggonta a Jabi tun ranar da muka sami saɓani, ba ta ɗaukar wayata, amma na san ba za ta mayar da saƙon da ya fito daga hannun Fasto ba. Malama kuma, ina roƙonta kada ta sa jan biro a ciki. Abin da ya karkace a bar shi a karkace, hannuna ne.

Zuwa ga 'yata Hannatu.

Ina gaishe ki da gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki da duk mutanen gidanta. An gaya mini ranar Litinin za ki shiga mota zuwa Abaji, ki kama aikin taimaka wa nas a wani ƙaramin asibiti. A bakin mutane na ji, ba a bakinki ba, kuma ban ga laifinki ba. Ubangiji ya gyara hanya, ya ba direba natsuwa, ya sauke ki lafiya.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika faɗa mini ranar da kika ninke rigarki ta mawaƙa kika ajiye a kan tebur. Kin ce, "Baba, kai ka tsaya a coci ka ce Allah ya gaya maka Mama za ta warke. Ta mutu. To, ko dai Allah ya yi ƙarya, ko kuwa babu mai jin mu. Ba zan tsaya gaban mutane ina rera abin da ban tabbata da shi ba." Abin da na mayar miki ran nan tsawa ce, ba amsa ba. Amsar tana cikin takardar nan, kuma ina so ta same ki kafin ki bar garin nan, domin kada ki tafi kina riƙe Allah da laifin da ba nasa ba.

Da farko ki dubi rubutun da kyau. Shekararki ashirin da uku, ba ki taɓa ganin rubutun mahaifinki ba. Duk lokacin da kika kawo mini takardar makaranta nakan ce na bar tabarauna a lambu, in kuwa a lambun kika same ni, nakan ce na bar shi a gida. Dalilin shi ne ban iya karatu ba. Bara na fara koya. Takardar nan ta ci mini kwana goma sha ɗaya da biro biyu, kuma ina ganin ba ta yi muni ba ga mutumin da ya soma da gemu fari.

Kuskurena na farko kusan sa'anki ne, kina goye aka yi shi. Lokacin cocinmu rumfar kwano ce da benci kaɗan. Aka ce za a zaɓi dattawa, mai bishara na wancan lokaci ya ce duk wanda za a zaɓa sai ya iya karanta Maganar Allah a gaban jama'a. Ya ce waɗanda suka iya su ɗaga hannu. Ni na dasa duk itatuwan da ke harabar cocin, ni nake fara zuwa, ni nake rufe ƙofa. Na waiwaya na ga mai gyaran takalmi ya ɗaga hannu, na ga wani da na girme shi nesa ba kusa ba ya ɗaga. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa hannuna da kansa ya tashi. Ba haka ba ne. Ni na ɗaga shi, har na miƙe shi sama da na kowa.

Da muka koma gida mahaifiyarki Rifkatu ta sauke ki, ta dube ni ta ce, "Baban Hannatu, hannun wa na gani a sama yau?"

Na ce, "Na mijinki."

Ta ce, "Ashe mijina ya yi makaranta tsakanin asuba da hantsi ban sani ba? Ka koma ka gaya wa mai bishara gaskiya."

Na ce mutuncin gidan nan ne a kai, kuma ba za a yi mini dariya a gaban mai gyaran takalmi ba. Sai ta ce, "Zan taimake ka wata uku. Kafin nan ka koya." Wata ukun nan ya zama shekara goma sha tara.

Ga yadda muke yi. Ranar Juma'a takan bi ta gidan Fasto ta tambayo wurin da za a karanta ranar Lahadi, kamar don kanta take so. Da rana in ta kawo mini abinci lambu, sai ta zauna a inuwar dogon yaro ta buɗe Littafinta, ni kuma ina cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki. Ta karanta, in maimaita. Sau uku ya ishe ni, domin Allah ya ba ni kai mai riƙo, wannan kam ba yabon kai ba ne, kowa ya sani. Sannan ta sa zaren saƙa a shafin domin in san inda zan buɗe. Jan zare na Kirsimeti ne, baƙi na jana'iza, kore na ɗaurin aure, fari na sujadar yau da kullum. Ranar Lahadi in hau bagade da tabarau, in ja zaren, in kafa ido a kan shafin da ban san ko harafi ɗaya a cikinsa ba, in saki murya. Mutane suna cewa babu mai karatu da daɗi kamar Dattijo Ishaku. Ina jin daɗin maganar ƙwarai.

'Yata, inda za ki aikin rai ne. Wata rana za a tambaye ki ko kin iya abu kaza, ga tsaranki suna kallo. In ba ki iya ba, ki bar hannunki a cinya, ki ce ban iya ba, a nuna mini. Kunyar ba ta wuce minti ɗaya. Ni na guje wa minti ɗayan nan, na kwashi shekara goma sha tara ina gumi a kan bagade kowace Lahadi. Kin faɗi jarrabawar nas sau biyu, kuma duka biyun da bakinki kika zo kika gaya mini, ni kuwa na ɗaure fuska na ce kin ba ni kunya. Ni ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba domin ban taɓa yarda a jarraba ni ba. Ki sake zama a karo na uku. Mai bin Yesu yana faɗuwa, abin da aka hana shi shi ne ya kwanta a ƙasa yana cewa a tsaye yake.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma shi ya shafe ki. Ki karanta a hankali, domin ni ma a hankali na rubuta.

Da ciwon mahaifiyarki ya yi tsanani, na yi azumi, na yi kuka, na roƙi Allah yadda ban taɓa roƙonsa ba. Wannan gaskiya ne, kada ki cire mini shi. Amma ban ji komai ba. Babu murya, babu mafarki, babu ko alama. Ranar Lahadin nan da aka ba da lokacin shaida, na miƙe na ce, "Ikilisiya, Ubangiji ya yi mini magana. Rifkatu za ta tashi, za ta yi rawa a gaban bagaden nan ranar godiyar kaka." Mata suka rangaɗa guɗa, aka kaɗa ganga. Na hango ki cikin mawaƙa kina share hawaye kina dariya.

Hannatu, Allah bai gaya mini haka ba. Ni na gaya wa kaina. Ina so ta rayu, wannan ɗaya ne. Amma akwai wasu abubuwa biyu a ƙarƙashinsa da sai daga baya na yarda na dube su. Ina so a san cewa Dattijo Ishaku mutum ne da Allah ke yi wa magana. Kuma na yi wani lissafi na wauta, cewa in na faɗa a gaban jama'a da sunansa, Allah zai ji nauyi ya cika, kamar yadda muke yi wa oga in mun riga mun yi alkawari a madadinsa. Na so in ɗaure Mahalicci da bakina.

Labarin ya riga ni isa asibiti. Da na shiga, mahaifiyarki ta sa aka ɗaga mata kai ta ce, "Baban Hannatu, da gaske ya ce maka?"

Na shiga gyara mata bargo.

Ta ce, "Bar bargon nan ka dube ni. Na rufa maka asiri a kan karatu, don Maganar da kake haddacewa tasa ce ko da ba idonka ya gani ba. Wannan kuwa ka sa masa magana a baki. Yarinyar nan ta ji, ta kuma gaskata. Ka je ka warware."

Na ce zan yi. Ban yi ba. Ta rasu kafin a cire masara.

Saboda haka ga amsar tambayarki. Allah bai yi miki ƙarya ba, mahaifinki ne ya yi. Ban san dalilin da ya sa bai bar mana ita ba, kuma ba zan ƙirƙiro miki wani dalili ba, na gama ƙirƙira. Abin da na sani shi ne bai taɓa yin alkawarin nan ba. Duk inda kika je, in wani ya tsaya ya ce Allah ya ce, ko da gemunsa ya kai ƙirji, ko da kujerarsa tana kusa da ta Fasto, ki girmama shi, amma ki koma ki buɗe Littafi da kanki ki duba. Ke kin iya karatu tun kina ƙarama, ba ki da uzurin da nake da shi.

Bayan jana'iza kika koma makaranta, ni kuma na shiga kuskure na uku. Na yi fushi da Allah domin bai cika maganar da bai faɗa ba, ki ji irin hankalin. Na daina addu'a. Amma a coci ina nan, ina buɗe sujada, ina rufewa, ina ɗaga hannu ina cewa mu yi addu'a, bakina yana aiki, cikina babu kowa. Karatu kuma sai na riƙa jan tsofaffin zaruruwa, in an ba ni sabon wuri in ce makoki bai sake ni ba. Lambu ma na sake shi. Sai in zauna a inuwar dogon yaron nan tun safe, furanni suna sunkuyar da kai.

Kin san Malam Buba, Bafulatanin da ke kawo mini takin shanu daga rugarsu. Wata rana ya sauke buhunansa, ya zagaya lambun, ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Baba Ishaku, kai da Allah ne kuka ɓata, su kuma waɗannan me suka yi maka?"

Na ce, "Malam Buba, dattijon ikilisiya ba ya ɓatawa da Allah."

Ya ce, "To madalla. Ni dai da annoba ta kwashe mini shanu, na yi wata guda ina salla ba na jin ɗanɗanonta. Amma sauran shanun ban hana su ruwa ba. Tashi ka ba su, in ba haka ba wa zan sayar wa taki?"

Ya tafi yana dariya. Na tashi don kunya, ba don bangaskiya ba. Akwai mangwaro masu aure da na haɗa da hannuna, duk ganyensu ya zube, sun zama kamar tsinke. A sana'armu, kafin ka yar da dashe sai ka karce ɓawonsa da farce. In ka ga kore a ciki, da ransa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karcewa. Wasu sun bushe har ciki, na zubar. Mafi yawa kore ne. Na ba su ruwa, ban yi addu'a ba, ruwa kawai na ba su. Na faɗi wannan ne domin masu sayen shuka da ba su san aiki ba sukan tuge dashe a mako na biyu, su ce ya mutu, alhali saiwa yake kamawa. Kada ki yanke wa bangaskiyarki hukunci a lokacin da ganye ya zube. Kuma a Abaji za ki zauna da Musulmi, maƙwabta da marasa lafiya. Ki riƙe su da mutunci. Ni ta bakin ɗayansu aka fara tashe ni.

Yanzu ga ranar da asirina ya tonu. Kina makaranta, kuma waɗanda suka gani ba su kai wa kowa ba. Ranar Laraba ce, addu'ar safe, mu biyar ne kawai don an kwana ana ruwa. Baba Fasto ya miƙo mini nasa Littafin a buɗe, wanda babu zare ko ɗaya a cikinsa, ya ce, "Dattijo, karanta mana nan."

Na ce, "Baba Fasto, a gafarce ni, na bar tabarauna a gida."

Mama Talatu, tsohuwar nan mai sayar da zaren saƙa a bakin kasuwa, tana zaune kusa da ni. Ta ce, "Dattijo, ga shi nan a goshinka yana kallon rufi."

Na sauko da shi. Na dubi shafin, baƙaƙen suna nan kamar tururuwa sun yi layi. Sai na yi abin da na saba, na saki murya da abin da ya fara zuwa kaina, ashe na koren zare ne, na ɗaurin aure. Ina tsaye da safiyar Laraba ina ɗaura wa benci aure. Na kai tsakiya, daidai wurin da mahaifiyarki takan tsaya ta ce in rage gudu ba kasuwa nake ba, sai na ji muryarta a kunnena sarai. Na rufe Littafin na ce, "Jama'a, ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba. Kuma tun da Rifkatu ta tafi ban yi addu'a ko sau ɗaya ba, sai ta ganin ido."

Na sunkuyar da kai ina jiran a ce in ajiye kujerar dattijo. Sai na ji Mama Talatu ta ce, "To, sai me? Dattijo, wa kake tsammani yake sayar wa Rifkatu zaren?"

Na ɗago.

Ta ce, "Tun Hannatu tana rarrafe muka sani. Mutumin da ba ya juya shafi, ko karatun ya kai tsawon hanyar Lokoja? Mu dai muna jin Maganar daidai, muka ce a bar shi, ranar da ya gaji zai faɗa. Ka daɗe ba ka gaji ba, wallahi kana da ƙarfi."

Bulus mai gadin coci ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Baba Fasto kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Karatu, Malama Saratu za ta ji da shi. Addu'a kuma, tun da ba ka iya yi yanzu, zauna mu yi maka har ka iya." Suka kewaye ni su huɗu, suka ɗora mini hannu. Shekara da shekaru ina tsammani ni nake ɗauke da ikilisiyar nan, ashe su suke ɗauke da ni, suna sane da nauyina, ba su sauke ba. A ranar na fara gane abin da ake nufi da alheri, kalmar da na sha faɗa a kan bagade.

Ki nemi irin mutanen nan a Abaji. Ban ce ki shiga mawaƙa ba. Ki sami ikilisiya, ki zauna ko a bencin baya, in ba ki iya rerawa ki bar su su rera a kanki. Wanda ya kasa addu'a wurin masu addu'a ya kamata ya je ya zauna, ya kuma gaya musu ya kasa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fito da kyau. Amma girman kai ba ya mutuwa rana ɗaya. Na shiga ajin Malama Saratu, ni kaɗai namiji cikin matan zumunta, a kan ƙaramin benci, gwiwoyina suna taɓa haɓata. Da kika dawo hutu kika tambayi inda nake zuwa Talata da Alhamis, na ce miki majalisa ta naɗa ni in riƙa duba ajin mata. Matan suka ji, suka sa mini suna Oga Sufeto. Malama takan ce, "Oga Sufeto, taso ka duba mana harafin nan ko lafiyarsa ƙalau." In taso in tsaya gaban allo ina zufa, su kuma suna raɗa mini amsa. Ina tsammani ke ma kin daɗe da ganewa. Na tuna yadda kike karanta mini takardar magani da ƙarfi ba tare da na roƙe ki ba, kina yi kamar kanki kike karanta wa. Halin mahaifiyarki ne. Na gode.

Kuma ko a ranar Larabar nan, abu biyu na furta, na uku na haɗiye. Ban ce musu shaidar da na bayar ƙarya ce ba. Shi ya sa da kika ajiye rigar mawaƙa kika yi tambayarki, na buga tebur na ce, "'Yar dattijo ce za ta yi shakka? Me mutane za su ce?" Na ce in ba za ki koma mawaƙa ba ki nemi wani gida. Ba fushin kare Allah ba ne, 'yata. Tsoro ne, domin kin sa yatsa daidai inda na ɓoye abin. Ke kika ƙi tsayawa gaban mutane ki faɗi abin da ba ki tabbata da shi ba. Ni na yi hakan kusan duk rayuwata, sannan na kore ki don kin ƙi yin irin nawa. Ki gafarta mini. Ban saba rubuta kalmar nan ba, sau uku na sake ta kafin ta tsaya daidai.

Tare da takardar nan akwai ƙunshi. Littafin mahaifiyarki ne, da zaruruwansa duka yadda ta bar su, kada ki cire ko ɗaya. Za ki ga akwai shuɗi guda, sabo. Ni na saya wurin Mama Talatu, ni na sa. Yana kan shafin farko da na karanta da idona, ni kaɗai, da yatsa, a inuwar dogon yaro. Labarin wani uba ne da ya kawo wa Yesu ɗansa marar lafiya, aka tambaye shi zancen bangaskiya, bai yi cika baki ba, ya nuna cewa tasa ba ta cika ba, ya nemi a taimake shi a kan abin da ya rage. Ba a kore shi ba. Na sha jin labarin, amma ran nan da na bi shi harafi harafi sai na ga mutumin ya fi ni, domin shi gaskiya ya faɗa, ni kuwa da aka zo kan tawa matar sai na hau bagade. A wurin na yi addu'ata ta farko bayan rasuwar mahaifiyarki, kuma ba ta da tsawo. Na ce, "Ubangiji, ga ni, ban san ko kana ji ba, amma na zo." Har yau akwai safiyar da iyakarta ke nan. Ina ci gaba da zuwa. In wannan kaɗai kike iya faɗa a Abaji, ki faɗa, ya isa a fara da shi. Bin Almasihu tafiya ce, kuma na ga yana jiran masu ɗingishi.

Yanzu ga roƙon da na ambata, zuwa ga Baba Fasto da majalisa. Ranar Lahadi mai zuwa, lokacin shaida, ina neman a ba ni minti biyar. Zan tsaya daidai inda na tsaya wancan karon. Zan karanta shafin nan daga Littafin coci, da yatsa, a hankali, in na yi tuntuɓe kada kowa ya raɗa mini. Sannan zan gaya wa ikilisiya cewa maganar da na ce Allah ya faɗa a kan Rifkatu tawa ce, ba tasa ba. Ta ce in je in warware, na makara shekara uku, amma zan warware. In majalisa ta ga ya dace in sauka daga kujerar dattijo bayan haka, zan sauka, zan koma shayar da itatuwan haraba, dama ni na dasa su.

Hannatu, Lahadin nan ita ce jajiberin tafiyarki. Ban ce ki sa riga ba, ban ce ki rera komai ba, ban ma ce ki gaishe ni ba. A gabanki na yi ƙaryar, ina so a gabanki in janye ta. In ba ki zo ba, zan faɗa duk da haka, domin ba ciniki nake yi da ke ba, kuma na daina yi da Allah. Amma zan duba bencin baya.

Ubangiji ya kiyaye ki a mota da masauki. Ya tsare ki daga mugun ruwa da mugun aboki, ya ba hannunki sauƙi a kan marasa lafiya, ya ba ki shugaba mai haƙuri. Ya riƙe ki a ranar da kike jin sa, ya riƙe ki a ranar da ba ki jin sa. In kin sauka ki rubuto mini, da manyan haruffa, kada ki haɗe su. Ni zan karanta da kaina.

Ni ne mahaifinki,
Dattijo Ishaku, da hannuna.

Domin kada a ce na ƙara ko na rage, ga waɗanda suka ga abin da na faɗa. Na ranar Laraba: Baba Fasto, da Mama Talatu mai zare, da Bulus mai gadi, da Malama Saratu wadda take bencin gaba. Na lambu: Malam Buba, wanda ya ce lallai a sa sunansa. Na asibiti babu kowa sai Rifkatu, ita kuwa tana wurin Ubangiji. Na ranar Lahadi, na bar layi ɗaya a ƙasa babu rubutu, ina fata sunanki ne zai shiga.